Gado Mai Mariƙi Huɗu

"Lafiya lau na kwana, tunda ba girkinka na ci ba. Ya ɓarna?"

"Ɓarna ta gode, amarya. Ya bayan?"

"Baya yana inda Allah ya ajiye shi. Hankalinka ne har yau ba a gano inda aka yar ba."

"Yana wajenki. Ranar da na aure ki, shi na bayar sadaki."

"To an cuce ni. Ko ganyen shayi bai saya mini ba."

Gaisuwar ke nan tsakanin Hajiya Fatna da jikanta Salahuddin, a ƙofar gidansu da ke unguwar Hajj Yusuf, a gefen Hartum, da hantsin wata Talata. Tun yana cikin zanen goyo take kiransa mijinta, shi kuwa Habboba yake ce mata, wato kaka, kuma tun da bakinsa ya buɗe bai taɓa barin maganarta ta faɗi ƙasa ba. Sana'arsa haɗa tagogi da ƙofofin alminiyom ce a wani shago a Bahri, kuma gwani ne, ko da yake kakarsa ta gwammace ta haɗiye harshenta da ta faɗi haka.

Sati uku ke nan bai leƙa shago ba. Ya samo wata tsohuwar bas ƙirar Hayis, ya kwashe kujerunta kaf, ya faka ta a gindin dogonyaron ƙofar gida, yana yi mata ɗaki a ciki. Ba don nishaɗi yake yi ba. Hajiya tana da yaya guda, Bakhita, ita kaɗai ta rage mata a cikin waɗanda suka sha nono ɗaya, kuma tana can a kambo, ƙauyen leburorin auduga da ke gaba da Manaƙil, inda aka haife su. Shekara goma sha ɗaya rabonsu da juna. Ciwo ya kwantar da Bakhita, ta aiko da saƙo gajere: a ce wa Fatna ta zo tun ina gane fuska. Likita kuwa ya ce ƙashin bayan Hajiya ba zai ɗauki zaman mota na awa bakwai ba, in tafiyar ta zama dole sai dai a kwance. Ga damina ta ƙarato, kuma duk wanda ya san baƙar lakar yankin nan ya san ruwan farko in ya sauka, hanyar kambo ta rufe ke nan sai kaka.

Hajiya ta dogara sandarta, ta zauna a kan 'yar kujera, ta nuna motar da haɓa.

"Buɗe mini akurkin in gani."

"Akurki? Habboba, wannan ɗaki ne da falo. Injiniyoyin Hartum in suka gan shi sai sun yi kuka."

"Su yi mana, ai abin kuka ne. Motar da ta yi shekara ashirin tana jigila tsakanin nan da Bahri, har ta haddace tarin kowane tsoho a unguwar nan, ita ce falo?"

"Jiki ne ya tsufa, inji lafiya lau. Kamar ke dai: komai ya ƙare, baki na aiki."

"Ni ba a tura ni da safe."

"Ana turawa. Da shayi kofi uku."

Ya zuge ƙofar yana kumbura kamar wanda ya ƙera jirgi. Gaskiya aikin ya yi kyau. Ya bi jikin motar da sandunan alminiyom masu kusurwa huɗu, daga ƙasa zuwa rufi, kowanne ya lanƙwasa shi daidai da lanƙwasar bangon, ya cusa soso a tsakaninsu. A gefen hagu ya kafa kabad tun daga bayan direba har ƙarshen mota. A gefen dama kuma ya shimfiɗa dogayen sanduna biyu a ƙasa, inda gado zai zauna.

"Wannan farin abin da ka yi mata haƙarƙari da shi, ba da shi ake tukunyar miya ba?"

"Alminiyom ne. Ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, ba shi da nauyi."

"Ba nauyi, ba ƙwari, sai ƙyalli. Ashe ɗan'uwanka ka samo."

Ta miƙa hannu ta taɓa wani guntu da ya kwana a waje rana ta same shi, ta janye da sauri tana hura yatsa.

"La ilaha illallahu! Ga tukunya, ga murfi, ga rana. Ya walad, kai yaro, ka fito fili ka ce agashe za ka kai wa Bakhita, sai in shafa yaji tun daga gida."

"Wa zai sayi agashen da ba tsoka? Ai sai a kore ni daga kasuwa. Kin ga soson nan? Shi zai tare zafi. Ciki sanyi ƙalau, kamar bakin Nilu."

"Bakin Nilu ma ana nutsewa."

"Ke ko Nilu ba zai haɗiye ki ba, ya san ɗaci."

Ya shiga ya zuge mata ƙofofin kabad ɗin, na gilashi, masu tafiya a kan 'yan tayoyi kamar tagar gidan attajiri. Nan zuciyarsa take. Kwana tara ya yi a kansa. Ga wurin murhu, ga wurin jarkar ruwa, ga gurbin tukunyar jabana an yanka daidai gindinta don kada gahawa ta zube a hanya, kowane kofi da raminsa. Ya ɗaure shi da birsham, ƙusar nan da in aka matse ta ba ta kwantuwa sai an huda ta da inji.

"Taga ka sa wa kofuna? Su leƙo su ga me?"

"Su ga matar da za ta fasa su, su yi ta addu'a."

"Ban ga laifinka ba. Ranar da aka haife ka muka tashi da kiɗan soja a rediyo. Kai da su rana ɗaya kuka zo, ba wanda ya nemi shawararmu, kuma har yau kullum cewa kuke gyara kuke yi."

"Rage murya, Habboba. Bango yana da kunne."

"Ya ji mana. In sun kama ni sai sun ciyar da ni, ga shi ba ni da haƙori. Kwana biyu za su dawo da ni da ban haƙuri. Ina gadon? Ko a cikin kabad zan kwanta da kofunan?"

Abin da yake jira ke nan. Ya shiga zaure, ya jawo gadon da ya ɓoye kwana uku don ya ba ta mamaki, ya ajiye shi a gabanta a inuwa, ya ja baya yana goge hannu. Dogo ne, siriri, fari ƙal, faɗinsa daidai kwanciyar mutum ɗaya. Sandunan gefensa biyu sun zarce ta wajen kai da ta wajen ƙafa, kowane ƙarshe an naɗe shi da baƙar roba don daɗin riƙo.

"Ki saurara ki ji ilimi," in ji shi. "Kina kwance a ɗakinki, mu huɗu za mu zo, ni da abokina Hamid da maƙwabta biyu. Kowa ya kama mariƙi ɗaya, mu ɗaga ki, mu zura gadon a kan sandunan can, ya kulle kansa. In mun isa kambo, mu zaro ki, mu saɓa, har ɗakin Bakhita. Daga ɗaki zuwa ɗaki, ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba."

Hajiya ta ɗan sunkuyo. Ta dubi gadon daga kai zuwa ƙafa, ta sake dubawa daga ƙafa zuwa kai, sannan ta ɗago ta dube shi.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To wa ake shirin rasawa?"

"Habboba, gado ne."

"Makara ce."

"Gado ne mai mariƙi."

"Ita makarar da haƙori ake ɗaukarta? Kai, a ƙasar nan aka haife ka ko a kwali aka aiko ka? In ka ga gado a kafaɗar maza huɗu ya fito daga gida, me mutane ke cewa? A dawo lafiya?"

"Wancan angarib ne, gadon itace da igiya. Wannan na zamani ne."

"To, mutuwar zamani. Allah ya amfana. Kakanka a angarib mai ƙafa ɗaya guntuwa aka kai shi, ni kuwa an yi mini mai ƙyalli. Wa ya ce ban yi sa'ar miji ba?"

"Ke ba ki ga amfaninsa ba. A shingen hanya ma ba wanda zai tsayar da mu. Suna leƙowa za su cire hula su ce mu wuce."

"Sai in yi atishawa, su buɗe mana wuta."

"Sai ki daure. Awa bakwai kina shiru, ai ko don wannan kaɗai na ci riba."

"Na san abin da kake hari. Rediyona ne da bargon da aka kawo mini daga Makka. Ka yi haƙuri, ragon miji, ni zan yi maka takaba, kuma a ranar da na fita zan ɗaura da wani."

"Wa zai kwasa? Ni ma tausayi ne."

Ta buga sandarta a ƙasa, murmushin ya ɗan ja baya daga fuskarta.

"Tsaya in zana maka, tunda allonka a wanke yake. Mun isa kambo. Yara sun ruga sun ce ga mota daga Hartum. An tallabo Bakhita an zaunar a bakin ƙofa, da idonta da ba ya ganin komai sai fari da baƙi. Me za ta hango? Farin abu a kafaɗar maza huɗu ya nufo ta. Matar da zuciyarta ke rataye da zare ɗaya! Ka tafi gaida mara lafiya, ka ƙarasa ta. Garin gyaran gira ka tsone ido."

Maganar ta shige shi. Amma kwana ukun da ya yi yana goge kusurwoyin gadon nan da magagari suka tsaya masa a wuya, kuma namiji bai cika son a kayar da shi a ƙofar gidansu ba.

"Tsoro ne kawai irin na mutanen da. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Hau ki ji daɗinsa."

"Hau kai. Ai ango ke fara gwada gado."

Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe, ya haye, ya miƙe.

"Kin gani? Ko motsi. Wallahi kamar a kan gajimare."

"Kusa ka yi da can ɗin. Rana tana dukan idonka, bari in kare maka."

Akwai farin zanen gado da aka shanya a kan katanga. Ta sa ƙugiyar sandarta ta jawo shi, ta yafa masa tun daga kai har idon sawu.

"Miƙe ƙafa. Haɗa hannu. Yanzu yi shiru, ko sau ɗaya a rayuwarka."

Ana wata ga wata. Daidai lokacin Awadiyya, maƙwabciyarsu mai sayar da kisra, ta karyo kwana da faranti a kai, cike da gurasar dawa mai zafi za ta kai kasuwa. Ta ga motar Salahuddin a buɗe, kayan aikinsa a zube. Ta ga takalmansa a jere. Ta ga farin gado mai mariƙi huɗu, da mutum a miƙe an lulluɓe, da tsohuwa zaune a kansa ta dafa sanda ta sunkuyar da kai. Ba ta san dariya tsohuwar ke dannewa ba.

Farantin ne ya fara isa ƙasa.

"Wob alayya! Salahuddin! Jiya-jiyan nan ya gaishe ni! Jama'a ku fito, yaron Hajiya ya tafi!"

Ƙofofi suka fara buɗewa. Wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya taka birki har fasinjarsa ta gwaru da ƙarfe. Salahuddin ya yunƙura zai tashi, zanen ya harɗe shi, ya miƙe zaune a lulluɓe yana faɗin "Tsaya, tsaya!" Awadiyya ba ta tsaya ba. Mace mai jiki ce, ba a taɓa ganin ta tana sauri ba ko ranar da gobara ta kama rumfarta, amma ran nan sai da ta kai gida na huɗu kafin ta waiwayo, takalminta ɗaya yana nan inda kisra ta zube.

Kafin ya kwance kansa daga zanen, maza sun kai goma a wurin. Wani dattijo da ke fitowa daga masallaci har ya ɗaga tafukansa biyu zai ja Fatiha, kamar yadda ake yi in an zo ta'aziyya, sai ya tsaya da hannu a sama bai san inda zai kai su ba.

"Ƙarasa, Malam, ƙarasa," in ji Hajiya, hawaye na bin kumatunta don dariya. "Ba a banza ka ɗaga ba. Hankalinsa ne ya rasu, yau shekara ashirin da huɗu."

Sai da ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri. Ya tsince kisra daga ƙasa, ya kai wa Awadiyya takalminta har gida, ta karɓa ta ƙofa a rufe rabi, ta ce kada ya ƙara gaishe ta sai bayan kwana arba'in. Da ya dawo, layin ya watse, Hajiya tana nan inda ya bar ta tana share ido da gefen mayafi.

"Sannu da dawowa. Ya mutanen can? Ka ga kakanka?"

"Na gan shi. Ya ce in gaya miki yana hutawa, kada ki yi gaggawa."

"Gani ya kori ji, ko da saura?"

Ya ɗauko zarto ya zauna a bakin gadon. Kunya ta ishe shi, amma ba ita ce ta fi damunsa ba. Watan jiya da idonsa ya ga Hajiya ta tsaya a dokin ƙofar ɗakinta, tudun da bai fi taƙi ɗaya ba, ta ɗaga ƙafa sau uku ta kasa haurawa, ta waiwaya ko wani ya gani. Ya yi kamar bai gani ba. Daga ranar tsoro ya shige shi, kuma da tsoron nan ya ƙera mariƙan.

"Ba na so ki faɗi ne, Habboba," ya ce, idonsa a kan zarto. "Matakin motar nan ya yi miki tsawo."

"Na sani. Ka ɗauka ban gan ka ba ran nan, kana leƙe ta taga kamar ɓarawon kaji?" Muryarta ta sauka. "Zumunta a ƙafa take, Salaha. Da ƙafata na bar kambo, ina amarya, Bakhita tana riƙe da akwatina. Da ƙafata zan shiga, ko da zan yi awa guda daga mota zuwa ƙofarta. Yanke."

Ya yanke. Mariƙi huɗu suka faɗi ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ta sa ƙafa ta ture su ƙarƙashin mota.

"Halas, an gama. Kin huta?"

"Wa ya ce an gama? Kawo kafaɗarka."

Ya kawo. Ta dafa shi da hannu ɗaya, ta kama ƙofar motar da ɗayan, ta ɗora ƙafa a mataki. Ya ji duk jikinta yana rawa. Ta yi bisimilla, ta yi salati, ta zagi wanda ya ƙera motar da kakanninsa, sannan ta haye. Bai ce uffan ba, don ya san in ya yaba mata sai ta sauka. Ta sa ya shimfiɗa ragowar soso a ƙasan motar, inda gadon zai zauna, ta bi a hankali ta kwanta rigingine tana haki. Da numfashinta ya dawo, ta miƙa hannun hagu gefe. Bai gama miƙewa ba ya bugi gilashin kabad.

"Wannan ya fita."

"Me?"

"Gidan kofunan. Ya fita."

"Habboba, kwana tara! Birsham ya fi ɗari uku a jikinsa, kowanne sai na huda shi. A ina za ki dafa jabana? Ke da in ba ki sha ba kike zagin har kajin maƙwabta?"

"A gindin bishiya, da duwatsu uku, kamar yadda uwata ta yi."

"To me ya tsare miki? Gado ya shiga, ke kin shiga. Ko ƙiba kike shirin yi a hanya?"

"Kai dai an yi dogon banza. Ita Bakhita a ramin kofi za ta kwanta?"

Salahuddin ya juyo ya dube ta.

"Ka ɗauka zan yi awa bakwai a cikin tukunya don in ce mata sannu, in juyo in bar ta?" Idonta yana kan rufin motar. "Ba likita a can. In ruwa ya sauka, ko mai allura ba zai shiga ba sai an girbe dawa. Da ita zan dawo. A duba ta a Bahri. In da sauran kwana, alhamdu lillahi. In babu, to a ɗakina, ina riƙe da hannunta."

"Ta yarda?"

"Ba ta sani ba. Yaya ce, taurin kai gare ta."

"A gidanku ashe gado ne."

"Rufe mini baki. Shekara goma sha ɗaya ina aika mata ta zo, amsarta ɗaya ce: ba wuri, Fatna, gidan birni ba wuri, kada in takura muku. Ubanka ya je da kansa, ta ce motar haya ba wuri. Matar da ta goya ni a tsakanin layukan auduga, muka yi shekara goma a angarib ɗaya, kanta a ƙafata, kaina a ƙafarta, wai yau ita ce ba ta da wuri a wajena. To ina so in ta leƙo motar nan ta ga wurinta a shimfiɗe, da matashinta. In ga bakin da za ta ce ba wuri."

Ya dubi kabad ɗin, da 'yan tayoyinsa, da gurbin jabana da ya yanka sau uku kafin ya dace. Ya leƙa waje ta ƙofa. Can kudu, sama ta fara yin duhu-duhu a gindinta, irin wanda manoma ke murna da shi. Shi kam hanyar kambo ya tuna.

"Kwana huɗu," ya ce. "In cire wannan, in faɗaɗa gadon, in ƙara masa ƙafa a tsakiya."

"Biyu."

"Habboba, ba a fafe gora ranar tafiya."

"Shi ya sa na ce ka fafe yau. Kawo abin awonka."

Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ja shi, sai hannunsa ya tsaya. A gidansu ba a auna mai rai yana kwance. Sau ɗaya ya taɓa ganin an yi wa mutum haka, da karan dawa, aka fita da karan aka kai wa masu haƙa. Ga ta nan a miƙe a gabansa, 'yar ƙarama, ƙafafunta kamar na yarinya.

Ta gane. Ta harare shi ta gefen ido.

"Yau kuma kai ne mai tsoro irin na mutanen da? Tsawo ake auna wa wanda ba zai dawo ba. Ni faɗi na ce. Daga kafaɗata ta dama zuwa inda yatsuna za su kai in ka kawar da shirgin nan."

Ya durƙusa ya auna, ta saman kabad ɗin, ya sa fensir ya yi alama a jikinsa.

"Ƙara taƙi ɗaya. Tana juyi, kuma tana shuri."

"Tana da shekara tamanin da biyar, tana jinya."

"Ba ka san ta ba. Ƙara."

Ya ƙara. Alamar ta faɗa daidai bangon motar, ba ragowar ko yatsa ɗaya. Ya zauna a kan dugadugansa yana kallon ta, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido.

"Kin ci, Habboba. Na sallama. Sati uku ina gini, ashe ban san ko mutum nawa ne a gidan ba."

"Yau ka fara magana kamar mai hankali. Kada ka saba, ba zai karɓe ka ba." Ta kwance bakin mayafinta ta ciro dabino guda, busasshe, wanda da gani ya kwana biyu a ƙulle. "Ungo tukwici. Na so in ci, haƙori ya hana. Yanzu ɗaga ni, bayana ya fara karanta mini wasiƙa."

Ya jefa dabinon a baki, ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗauke ta cak. Rashin nauyinta ya tsorata shi, bai bari ta gani ba. Ya sauko da ita a hankali ya tsayar da ita a kan ƙafafunta, ya miƙa mata sandarta.

"Ka gani?" ta ce tana gyara mayafi. "Ragon miji ɗaya ma ya isa. Saura ka je ka koyi ɗaukar biyu."

"Ita ma aurenta zan yi?"

"In ta ga hannunka da kyau. Maza ka kama aiki tun ba a ɗauke wuta ba."

Ya jawo waya ya jona injin huda, ya ɗora bakinsa a kan birsham na farko.